Lambar da Bakwai Ke Rabawa

Ranar Talata, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, likita ya gaya wa tsohon malamin lissafi cewa matarsa na buƙatar jini kafin ƙarfe biyu. Irin jininta ya yi wuya. Nasa bai dace ba. Na ɗansu tilo ne ya dace.

Shekara uku ke nan ɗan yana aiki a wani gari mai nisa. Ba ya kira, sai saƙo duk ƙarshen wata: ina lafiya, Baba, aiki ne ya yi yawa. Uwar ce kullum ke ba shi uzuri.

Malam ya laluba aljihu. Wayarsa ta faɗi a motar da ta kawo su.

Bai taɓa haddace lamba yadda mutane ke haddacewa ba, halinta yake riƙewa. Farkon lambar ɗan iri ɗaya ne da na tasa. Sauran bakwai ɗin kuwa, ko daga dama ka karanta ko daga hagu, duk ɗaya ne. Biyu ba ta raba ta. Bakwai na raba ta, haka sha ɗaya, haka sha uku.

Ya roƙi biro, ya juya takardar magani, ya durƙusa a bakin benci. Bai tsallake layi ba. Daga dubbai, lambobi ashirin suka rage.

"Baba, jarrabawa kake rubutawa?" in ji wata nas, tana miƙa masa wayarta. "In ka ci, a raba da ni."

Matar ta buɗe ido da ƙyar. "Malam, don Allah kada ka kira shi."

"Kin kusa mutuwa kina tausayin aikinsa?"

Ta juya fuska bango.

Lamba ta farko da ya kira a kashe take. Ta huɗu wani makaniki ya zage shi. Ta tara wata mata ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta katse. Ƙarfe ɗaya da rabi aka tura gadon matar zuwa ɗakin tiyata, da jini ko babu. Bai bi su ba. Ya soke ta sha biyar da biro, ya danna ta sha shida: 3556553.

Ta shiga.

Waɗanda suka rage a ɗakin su ne: nas, riƙe da zanin gado, malam, da waya a kunne, sai jakar matarsa a kan kujera, tana ruri. A cikinta ya tarar da wayar ɗansa, cike da caji, naɗe a takardar shaidar rasuwarsa ta shekara uku da suka wuce.