Filin Mota a Gidan Tabawa

Tun da aka kafa doka cewa duk mai kwana a birni sai an ware masa filin ajiye mota, Tabawa ta rushe ɗakuna biyu ta malala siminti. Ba ta da mota. Kullum bayan sallar asuba takan share filin.

Ranar da 'yarta Saude ta zo wankan gida da jaririnta, Tabawa ta kafa murhu a kan farin layin da aka shata a filin, ta ɗora ruwa. Kafin ya tafasa, mai duba gidaje ya yi sallama.

"Barka da arziki, Inna. Ku nawa ne yanzu?"

"Mu biyu, ɗan nan, sai jinjiri."

"Uku ke nan. Filinku na mutum biyu ne."

"Ko arba'in bai yi ba. Wace mota zai tuƙa?"

"Wallahi ni ma dokar ce ta kore ni ƙauye. Kafin magariba mutum ɗaya ya fita."

Tabawa ta yi wa Saude wanka da ganyen darbejiya. Sannan ta share tokar, ta naɗe dardumarta, ta fita, ta ja musu ƙofa.