Kaset a Akwatin Bature

Ranar da Halimatu Sa'adiya ta fita takaba ta buɗe akwatin mijinta Bature, a gidansu na unguwar Al-Azizya, can ƙasa mai tsarki. Can ƙasan jallabiyoyi ta tarar da wani tsohon kaset a cuse cikin safa.

Ta ɗauka karatu ne. Mutumin da ya shekara talatin ko kiɗan talla ba ya bari a ji a gidansa, me zai adana in ba karatu ba? 'Yarta Sundus ta aro rikoda a maƙwabta, aka danna.

Sai ga kiɗan udu, garayar Larabawa, ga mawaƙi yana jan baiti kamar ana zare masa rai. Larabcin na littattafai ne, don haka Sundus ta riƙa warware mata: wani barde ne aka raba da masoyiyarsa, yana ta aika mata saƙo daga bakin daga, shiru babu amsa, har ya cika a kan dokinsa fuskarsa na kallon garinsu.

"Kashe min abin nan!" in ji Halimatu.

Wato wannan ne mai gemu har ƙirji! Ya fasa wa yarinya rediyo, ashe shi yana gefe yana narkewa a kan wata. Ita kuwa don tsoron Allahnsa ta aure shi, bayan saurayinta Ɗanlami ya watsa mata ƙasa a ido. Tun da aka kama Ɗanlami babu iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da shi Maraɗi, ko gaisuwa, a zamanin da kowa ke aiko da kaset ta hannun alhazai. Bature, amininsa, shi ya yi ta zuwa yana ba ta haƙuri. Tir da halin maza.

Bayan la'asar ƙanin mamacin, Mu'azzam, ya shigo ya durƙusa.

"Yaya, gobe zan je ziyarar kabarinsa a Baƙi'a. Har yau ban ji kin ce kin yafe masa ba."

Maganar nan in ta fita ba a maido ta. Amma waƙa ce dai, mutumin kuma yana ƙasa. Ta haɗiye ƙyamarta kamar maganin ɗaci.

"Na yafe masa, duniya da lahira."

Da ya fita Sundus ta ɗaga kaset ɗin. "Ummi, khalas, in jefar?"

"Ƙarasa shi tukun. In ji iyakar rashin kunyar."

Udu ya yi kukansa ya gama. Zaren ya ci gaba da juyawa, wani ya yi gyaran murya, sannan ya yi magana da Hausar Maraɗi:

"Halima, ni ne Ɗanlami. Kaset na huɗu ke nan nike aiko ma Bature shi miƙa miki. Don Allah ki jira ni."