Guntuwa, Akuyar Maginiya

Kai da kake cewa in abu ya tafi aka samo irinsa an huta, gyara zama ka ji labarin wata maginiyar tukwane. Mijinta ya rasu, 'yarta tilo kuma aure ya kai ta kurmi, inda mijin yake sana'ar goro. Wata shekara maginiyar ta je mata zaman jego. Da za ta dawo sai 'yar ta ɗora mata 'yar akuya a cinya, irin gajerun nan na kurmi masu guntayen ƙafafu da ciki kamar tulu, ta ce ta riƙa ɗebe mata kewa. A cikin kwando ta shigo da ita gari, mutane suna leƙe suna dariya, wai wannan ko tukunyar miya ba za ta cika ba. Ita dai ta wuce da abarta gida. Ta sa mata suna Guntuwa, ta kafa mata rumfar zana a gindin katanga don ta lura ba ta ƙaunar ruwan sama ya taɓa ta, ta tanadi harawa da 'ya'yan gawo tun kaka, tana jiƙa mata dusa da 'yar kanwa, tana cire mata kaska da hannu, in kofatonta ya yi tsawo ta rage mata da wuƙa. Akuyar ba ta san turke ba. Inda maginiyar ta sa ƙafa nan take mayar da tata, su tafi ramin yumɓu tare su dawo tare. Ba sau ɗaya ba ta ɗare kan ɗanyar randa ta rotsa aikin yini guda, maginiyar ta ɗauko kara ta bi ta da faɗa, amma kafin la'asar za ka tarar da su zaune a tabarma ɗaya, ɗaya tana mulmula yumɓu, ɗaya tana tuƙa. Akuyar ta haihu sau da dama, maginiyar ta raba 'ya'yan ga maƙwabta, uwar kuwa ko taya ta mahauta ba su isa su yi ba.

Ana nan shekaru suka tura. Haƙoran Guntuwa suka zube, sai an daddage mata ganye an dama dusa ruwa-ruwa. Ita ma maginiyar gwiwa ta fara hana ta durƙuso, 'yarta kuwa ta matsa a waya ta tattara ta komo wurinsu, ga jikoki sun girma ba su san fuskarta ba sai murya. Ranta ya biya ƙwarai. In ta ji yaran suna rige-rigen gaishe ta, sai ta ajiye wayar ta juya ta dubi Guntuwa. Ta kira malamin dabbobi ta tambaye shi ko akuyar za ta jure tafiyar. Ya buɗe bakinta ya duba, ya shafa haƙarƙarinta, ya ce irin waɗannan shekara goma suke yi, in sun sami kulawa su kai sha biyar, tata kuwa ta riga ta ci mafi yawan rabonta, yini guda a bayan mota zai ƙarasa ta. Maƙwabta suka ce a sa mata wuƙa tun ba ta zama mushe ba. Maginiyar ta san gaskiya suka faɗa, har ta aika a kira mahauci, amma da ta ji sallamarsa a zaure sai ta fita ta ba shi haƙuri ya koma. Ta ce wa 'yarta bayan damina za ta zo. Damina ta wuce, ta ce bayan kaka. Ran nan 'yar ta ce, "Inna, ashe akuya ta fi mu." Uwar ta ce, "Ku kuna da juna. Ita ni kaɗai ta sani."

Sai a damina ta biyu, wata safiya ta fito da ƙwaryar dusa ta tarar da Guntuwa kwance ta miƙe ƙafafu. Ta haƙa rami da kanta a bayan gida ta rufe ta, ta rarraba kayan ginin tukwane, ta hau mota. A kurmi aka tarbe ta da murna, jikoki suka yi mata caa, ta ci ta sha, gwiwar ma ta yi sauƙi. Duk da haka surukinta ya lura takan zauna a bakin ƙofa ta zuba wa tsakar gida ido, a yi mata magana sai an maimaita. Mutumin kirki ne, ya zaga kasuwanni har ya samo wata akuya sak waccan yadda matarsa ta kwatanta masa, launi ɗaya, tsayi ɗaya. Tsohuwar ta miƙa mata hannu, akuyar ta zabura ta ɓuya bayan turmi. Ta yi murmushi, hawaye suna bin kumatunta, ta ce, "Akuya kam ka sayo, Allah ya yi maka albarka. Shekarun ne ba a kasa su a kasuwa." Ta karɓe ta, ta kula da ita yadda ya kamata har ƙarshen ranta, amma ba ta taɓa sa mata suna ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba.