Jifan Dawud

"Jefa mini, hannun nan ya mutu," in ji Alhaji Dawud, yana miƙa wa Sabi'u, mai sana'ar tura alhazai a keke, tsakuwoyin jifan Shaiɗan.

Tun daga tanti a Mina Sabi'u ke tura shi a keken guragu, tsohon Ba'amurken yana ta zuba da Larabcin da ya koya yana yaro a sansanin kamfanin mai a ƙasar nan. Wai a zamaninsa babu gwanin jifa kamarsa a wasan ƙwallon besbol. Akwai wani jifa mai lanƙwasa a iska, har yau sunansa yake ɗauke da shi.

"Ni na ƙirƙiro shi," ya ce.

Sabi'u ya naɗe yatsu biyu, ya saki tsakuwa. Ta yi dama, ta karkato, ta daki jamra.

Tsohon ya zabura. "Wa ya koya maka wannan?"

"Wanda ya koya maka, ya Hajj. Babana, Mukhtaru, mai sharar gidanku."

Tsohon ya ce, "Na manta sunan. Yana raye?"

"Ya rasu yana jiran ka aiko a kai shi Amurka, yadda ka yi masa alkawari." Sabi'u ya kama keken. "Gyara zama. Wannan keken Baba ya tura har ya mutu."