Bencin Da Ya Riga Ta Zuwa

Ƙusa ce ta fara gai da mai duba makarantun. Tana zama a bencin ƙarshe na aji huɗu, ta ji an kama mata zani. Ta sunkuya, sai ga shuɗin zare maƙale a ƙusar. Zaren mayafinta ne, wanda ya yage shekaranjiya a wata makarantar, can bayan kasuwa.

Ta dubi yaran. Sun zauna a ɗarare kamar baƙi, bayan kowane wando fari fat da ƙura.

"Bencina sun wadace ku, Malam," ta ce.

Hedimastan ya sosa ƙeya. "Muna dai lallaɓawa, ranki ya daɗe."

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana cika takardar rahoton kayan makarantu. In ta rubuta babu bencina, a ce ya gaza, a ɗauke shi. In ta rubuta akwai, har abada ba za a aiko musu ba. Ta mayar wa biro murfinsa.

Ya rako ta bakin ƙofa, ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, gobe wace makaranta za ki? Mai amalanke ke tambaya, don ya san inda zai kai su."