Kallon Cikin Ido

"Sau uku ana hana ki aiki saboda sunkuyar da kai," in ji jami'ar samar da aiki. "A ƙasar nan sai kin kalli mutum cikin ido."

Ita kuwa mai neman aikin tashin Jos ce, ba ta saba tsura wa babba ido ba. Amma ta gaji da ciyar da 'yarta da takardun tallafi. Sati biyu tana gwaji da fuskarta a gilashin jirgin ƙasa, kogin Potomac yana ratsa idanunta kamar mafarki.

Ranar ganawa a Alexandria, wani gari a bakin kogin, ta ɗago kai da ƙyar. Ashe tsohuwar da za ta yi wa jinya makauniya ce.

Tsohuwar ta lalubo hannuwanta, ta shafa kantar tafinsu.

"Waɗannan sun san aiki. Ki zo Litinin."