Ba Shayi Ta Ce Ba

"Mayar da shi baya, Otis!" Wilma ta ce wa mijinta, tana ƙanƙame da hannun kujera.

Otis ya sake juya majigin yana ƙunƙuni. Fim ne na zamanin da ba a ɗaukar murya, shi kaɗai ya rage na mahaifiyarta Leota, wadda ta rasu wajen haihuwarta. Leota ba ta yi suna a Hollywood ba, kullum a matsayin 'yar aiki take fitowa. Ga ta a jikin bango ɗauke da faranti, leɓenta na motsi. Rubutu ya biyo baya: "Ga shayi, ranki ya daɗe."

Tun da zazzaɓi ya kurmantar da Wilma tana yarinya, a leɓe take karanta magana. Otis ya juyo don ta ga bakinsa.

"Shayi ta kawo, tsohuwa, sai me?" ya ce yana dariya.

"Ba shayi ta ce ba. Jiya cewa ta yi, 'Wilma, kin tsufa.'"

Dariyar Otis ta tsaya. "Yau fa?"

"Ta ce, 'Taso, 'yata, naki zai huce.'"

Ya dubi farantin da ke hannun Leota. Jiya kofi ɗaya ne a kai, yau biyu.